2.3 Wasiƙar Chaadayev da Rabuwar Kan Masana a Rasha

A wannan sashe za a dubi yadda muhawarar falsafa ta kankama a Rasha, wadda ita ce mafi girma cikin ƙasashen al'ummomin Silaf. A shekarar 1836 mujallar Teleskop ta birnin Mosko ta buga wata wasiƙa ta Pyotr Chaadayev, inda ya yi iƙirarin cewa Rasha ba ta tsinana wa duniya komai ba, saboda ta karɓi addininta daga Rumawan Gabas, ta ware daga Yammacin Turai. Sarki Nikolas na Ɗaya ya sa aka rufe mujallar, aka kuma ayyana marubucin a matsayin mahaukaci.

Sai dai wannan mataki bai kashe maganar ba. Masana sun rabu gida biyu. Su Khomyakov da Kireyevsky suna ganin mafita tana cikin Cocin Otodoks da zaman gayya na manoman karkara. Su Belinsky da Granovsky kuwa suna ganin dole a bi tafarkin Turai da Sarki Bitrus Mai Girma ya share. Bisa ga wannan, za a iya cewa falsafar Rasha ta ƙarni na 19 ta ginu ne a kan tambaya ɗaya: ina matsayin Rasha a tarihin duniya?