Mahajjatan da suka zauna a hanya: addini da asali a wajen Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

A ƙasar Sudan, a yankin Jazira da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, da kuma gefen kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, akwai garuruwa da ƙauyuka masu yawa da ake jin Hausa a cikinsu. Mutanen ƙasar sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su Fallata, ko kuma Takarir, kalmar da muka mayar Takari a bakinmu. Abin da ya sa muka kawo bayaninsu shi ne, fiye da shekara ɗari ke nan idan aka tambayi ɗayansu ko shi wane ne, amsar da ya gada daga iyaye amsa ce ta addini: shi mahajjaci ne, ko kuma jikan masu hijira. Wannan amsa ta ba su daraja, ta kuma jawo musu wahala.

Yadda suka isa can

Hanyar hajji ta ƙasa tsohuwa ce. Mutum yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Barno da Wadai, ya shiga Darfur, ya ratsa Kurdufan, ya ƙetare Nilu, har ya kai Sawakin inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri na ƙarewa, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago kafin a ƙara gaba.

Ayari mafi shahara shi ne na bayan faɗuwar Sakkwato. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci birnin, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita da jama'a ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka sauka kusa da ƙauyen Shaikh Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, daga baya suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Waɗannan ba su ɗauki kansu baƙin neman abinci ba. Sun tafi ne da fahimtar cewa barin ƙasar da Nasara suka mallake wajibi ne, ga kuma maganar da ta daɗe tana yawo tun zamanin Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, cewa jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa gabas a ƙarshen zamani.

Sai kuma auduga. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, mahajjatan Yammacin Afirka suka zama cikin manyan ma'aikatansa. Yawancinsu ba su samu gonar kansu ba. Sun zauna a matsugunan leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a gefen ƙauyukan masu gona.

Muna kan hanya

Masanin halayyar al'umma C. Bawa Yamba, ɗan ƙasar Gana, ya zauna da Hausawan Wad Madani da ƙauyukan da ke kewaye, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara zuwa, mutanen da aka haifa a Sudan kuma ba su taɓa ganin Makka ba, suna kiran kansu mahajjata da ke kan hanya. Ya lura da cewa da yawansu ba sa son gina gida mai ƙarko, domin matafiyi ba ya kafa tubali a zango. Idan aka ce musu me ya hana su ƙarasawa, sai su ce lokacin da Allah Ya rubuta bai yi ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan rufe talauci ne da rigar addini, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Leburan da ke cin bashi kafin kaka ya biya da amfanin gona, abin da ake kira shail a can, da wuya ya tara kuɗin jirgi. Amma a ganinmu maganar ta wuce haka. Wanda ya ce shi mahajjaci ne ya ɗora wa kansa nauyi a gaban mutane: a gan shi a sahun salla, a same shi da amana, ya kai ɗansa makarantar allo. Ya kuma ƙi yarda a auna shi da ma'aunin mai gona da lebura kawai. Wanda ake raina wa aiki da rana, da dare shi ne baƙon Allah da ke kan hanyar Ɗakinsa.

A tsakanin 'yan'uwa Musulmi

Mafi yawan bayanin da Bahaushen Sudan ke yi game da addininsa, ga Musulmi ɗan'uwansa yake yin sa. A fiƙihu babu wata tazara, domin Sudan ƙasar Malikiyya ce, Risala da Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Kano su ne dai a can. Makarantar allo sunanta khalwa, almajirai kuma hiran. Bambancin yana fitowa a ƙananan abubuwa da kunne ke saurin kamawa. Mu da ruwayar Warshu muka tashi, tsakiyar Sudan kuwa ta daɗe a kan ruwayar Duri, yanzu kuma Hafsu ta yaɗu ta hanyar bugaggun Alƙur'anai da rediyo. Rubutunmu na allo yana sa ɗigon fa'un a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda bai san wannan ba zai iya zaton kuskure ne, alhali duka ruwayoyi ne ingantattu, rubutun kuma shi ne na ƙasashen Magrib tun da daɗewa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Malamin Fallata, wanda suke kira faki, ya yi suna a Sudan wajen addu'a da rubutun sha, da suke kira mihaya, da laya, da suke kira hijab. Mutumin da ba zai ba Bahaushe 'yarsa ba yakan zo wurinsa da dare neman taimako. Sunan ya kawo kwarjini, ya kuma kawo zargin tsibbu, musamman daga ƙungiyar Ansarus Sunna, wadda da'awarta ta yi kama da ta Izala a wajenmu. Don haka malamin da aikinsa karantar da Alƙur'ani ne kawai yakan sami kansa yana bayanin cewa shi ba mai duba ba ne. Muhawara ce da muka sani a gida, sai dai a can tana haɗuwa da ƙabila, laifin mutum ɗaya ya zama tambarin jama'a duka.

A zamanin Turawa ma sai da suka yi bayanin aƙidarsu ga hukuma. Ingilishi na tsoron Mahadiyya, sun san Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, sun kuma ga mutanen yamma na kwarara tsibirin Aba wurin Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi. Wannan na cikin dalilan da suka sa suka amince wa Mai Wurno da sarauta a kan mutanensa. Da yawa daga cikin Hausawan 'yan Tijjaniyya ne ko Ƙadiriyya, amma idon hukuma bai cika rarrabewa ba.

A tsakanin waɗanda ba Musulmi ba

Idan aka gangara kudu, aka wuce Damazin da Rusairis zuwa iyakar Habasha, jama'a na canzawa. A duwatsun Ingasana da wajen Kurmuk akwai ƙabilun da wasunsu suka musulunta, wasu suka riƙe addinin gargajiya, wasu kuma suka zama Kirista. Mutanen Uduk, alal misali, sun karɓi Kiristanci ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta sauka a Cali a ƙarshen shekarun 1930. Ita ce dai SIM ɗin da muka sani a Arewacin Najeriya. Gwamnatin Sudan ta kori 'yan mishan a 1964, amma cocin ya ci gaba a hannun 'yan ƙasa.

Musulmin da ya je wannan yanki yana tarar da tarihi ya riga shi isa. Tun daga 1821, lokacin da rundunar Muhammadu Ali na Masar ta rushe daular Sinnar ta nufi Fazugli neman zinariya da bayi, mutanen tsaunuka suka san mai salla a siffar maharbin mutane. Daga baya kuma suka san shi a siffar gwamnatin Khartum da sojojinta a yaƙin basasa. Bahaushe masunci ko mai lambu ko ɗan tireda ya zo ba tare da mulki a hannunsa ba, harshen da ke haɗa su Larabcin kasuwa ne, saboda haka abin da maƙwabcinsa zai fara karantawa a jikinsa shi ne mudunsa da alkawarinsa. Wannan ba baƙon darasi ba ne ga wanda kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya da Maguzawa.

Inda amsar ta gaza

Akwai mai tambaya guda da ba ya karɓar amsar addini, shi ne ofishin takardar zama ɗan ƙasa. Dokokin farko, na 1948 da 1957, sun ɗaura zama ɗan Sudan a kan kasancewar mutum ko kakanninsa a ƙasar kafin 1898, shekarar da Ingila da Masar suka ci Omdurman. Mutanen Burmi sun zo bayan haka, leburorin auduga ma haka. An sassauta dokar daga baya, amma kalmar Fallata ta riga ta ɗauki ma'anar baƙo. A nan ne maganar muna kan hanya ta juya ta zama hujja a hannun wasu: wanda ya ce wucewa yake yi, me zai yi da fili ko sarauta?

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, abin da ke da alaƙa da ikon ƙasa. Ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun bar gidajensu. Abin baƙin ciki, galibin waɗanda suka yi faɗan ta kowane ɓangare masu kallon alƙibla ɗaya ne. Matasan Hausawa da suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Wad Madani ba su yi magana da harshen mahajjata ba, sun yi ta ne a matsayin 'yan Sudan masu neman hakkinsu. Da yawansu ma Larabci ya fi Hausa ƙarfi a bakinsu, sauyin da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazarinsa a littafinsa na 1999.

Yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 2023 ya iso gare su shi ma. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin haka mazauna kanabi, na kowace ƙabila, sun sha zargi da farmaki. Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 aka ƙwato ta a Nuwamba. Garin Mai Wurno yana kan hanyar da ta haɗa ta da Sinnar.