Ruwan da Ke Ƙarƙashin Garwa: Daga Rijiyar Kakanni Zuwa Burtsatse

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, wani ɗalibi ya tambaye ni bayan darasin tsarki: "Malam, me ya sa rijiyar masallacinmu ba ta ƙafewa, amma ta ƙauyenmu a wajen Mokolo tun watan Maris sai laka?" Na ce masa amsar tana cikin ƙasar da kowace rijiya ta ratsa.

Da Fulani suka kafa Garwa a farkon ƙarni na 19, zamanin Modibbo Adama, kogin Binuwai suka gani suka zauna. Sai dai abin da ke ƙarƙashinsu ma alheri ne. Garin yana kan dutsen yashi, wato rairayin da ya daɗe ya dunƙule ya zama dutse, amma da 'yan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa. Ruwan damina yana nutsewa ya cika su kamar yadda soso ke shan ruwa. Ba kogi ba ne ke gudu a ƙasa, kamar yadda muka ji muna yara. Tsatsafowa yake yi sannu a hankali, daga tudu zuwa gangare, har ya kai ga kogi.

Duwatsun Mandara, inda Mokolo take, ba haka suke ba. Dutsensu mai tauri ne, ruwa ba ya zama sai cikin tsaga da ɓangaren da ya rube. Mai haƙa ya dace da tsaga ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a banza. A Marwa kuwa, wanda ya ga mata suna tonon yashin Mayo Kaliyawo da rani ya san kogin ya bushe a sama ne kawai.

Akwai nau'i na uku, kuma shi ya fi ba ni mamaki. A kwarin Tafkin Chadi akwai yashi mai ruwa a can ƙasa, yumɓu mai kauri ya danne shi. A ƙarshen shekarun 1950, da aka huda wannan yumɓu a ƙasar Barno, ruwa ya yi ta tsiri da kansa ba famfo. Aka bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa.

Ɗalibai su sani, wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Al-Karaji ya rubuta littafi da Larabci a kan fito da ɓoyayyen ruwa wajen shekara ta 1000 miladiyya. Sai a 1856 Bafaranshe Darcy ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi.

Farin 1973 da na 1984 ya ƙafar da rijiyoyi marasa zurfi a arewa, daga nan burtsatse ta yawaita. Amma gari ya cika, gidaje sun matsu, rijiya da shadda suka zama maƙwabta. Yashin da ke ba ruwa hanya, shi ne ke ba ƙazanta hanya. Mun ga kwalarar 2010 da ta ci ɗaruruwan rayuka a Arewa Mai Nisa, Allah Ya jiƙan su.

Mun karanta cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma yana nan daram. Amma ƙwayar cuta ba ta canza ko ɗaya cikin ukun, ruwa na iya halatta ga alwala ya cutar da mai sha. Don haka kafin kwamiti ya haƙa sabuwar shaddar makaranta, a duba ina ƙasa ta gangara, a sa ta ƙasa da rijiya kuma nesa da ita. Wallahu a'alamu.