Daga Zangon Ayari Zuwa Kwanan Hamada a Mota: Tarihin Yawon Tenere

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da irin hotunan nan a Facebook ko TikTok: jif ta haye tudun rairayi ta gangaro, rana ta faɗi, an kafa tanti, an hura wuta, ana kurɓar shayi. Galibi a Dubai ake ɗaukarsu, shi ya sa da yawanmu muke zaton kwanan hamada a mota harka ce ta ƙasashen Larabawa kawai. To ai muna da namu a nan kusa. Idan ka tashi daga Kunci a arewacin Kano, ka faɗa hanyar Kazaure zuwa Daura, ka ƙetare iyaka a Kongolam, ka bi ta Matamaye da Damagaram da Tanut, tafiyar kimanin kilomita 700 za ta sada ka da Agadas. Gabas da Agadas kuwa, bayan duwatsun Azbin, nan hamadar Tenere take. Shekaru kusan talatin Turawa suka yi suna biyan kuɗi masu kauri don su kwana a cikinta. Yadda harkar ta fara, da yadda ta durƙushe, da abin da motocin suka koma ɗauka daga baya, labari ne da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye.

Kafin mota akwai ayari

Manomin Kunci da ke noman gero da dawa da gyaɗa a gonar da ba ta hutawa zai ga kamar babu abin da ya haɗa shi da Tenere. Akwai kuwa, kuma tun da daɗewa. Duk shekara bayan damina, Buzayen Azbin kan haɗa ayarin raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, tafiyar kimanin kilomita 600 daga Agadas. Gero suke kai wa mutanen can, su sauya shi da dabino da kantun gishiri. Daga nan su juyo Azbin, sannan su gangaro kudu zuwa Damargu da Damagaram da ƙasar Kano. A nan suke cin rani: su sayar da gishiri, su auni gero, raƙumansu su ci karan gona su bar wa mai gona taki. Wato geron ƙasar Hausa shi ne guzurin ayarin Balma. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya isa Agadas a watan Oktoban 1850, irin wannan ayarin gishiri ya biyo zuwa kudu kafin ya shigo Kano a Fabrairun 1851.

Ayari yana da madugu, shi ne ya san rijiyoyi, shi ke karanta taurari da kwanciyar rairayi, shi ke cewa a tashi ko a ya da zango. A tsakiyar Tenere babu ciyawa, babu itace, don haka abincin raƙuma da makamashi duk a kan raƙuman ake ɗauko su. Wannan zango na madugu shi ne kakan sansanin masu yawon buɗe ido na yau, har da gurasar da ake binnewa a cikin rairayi da garwashi, wadda Buzaye ke kira tagella, da shayin nan mai zubi uku.

Hanyar fatake mai zuwa Tarabulus ta mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda kaya sun koma bin teku ta Legas. Ayarin gishiri dai ya ci gaba, don har gobe dabbobi na buƙatar kantu.

Ranar da mota ta shiga rairayi

A ranar 17 ga Disambar 1922, motoci biyar na kamfanin Citroën suka tashi daga Tugurt a Aljeriya ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Gabansu taya ne, bayansu kuwa bel ne na roba kamar na tankar yaƙi. Cikin kusan mako uku suka isa Tambutu, tafiyar da raƙumi kan yi wata da watanni a kanta. Mai kamfanin, André Citroën, nan take ya hango kasuwa. Ya shirya jigilar attajiran Turai su ƙetare Sahara suna kwana a masaukai da tantuna, sai dai a farkon 1925, ana dab da buɗewa, aka soke shirin saboda fargabar tsaro. Ka riƙe wannan a ranka, domin tsaro shi ne zai riƙa kashe wannan sana'a yana tayar da ita har zuwa yau.

Tenere kanta ta fi wuya. A 1959 zuwa 1960 ne manyan motocin kamfanin Berliet suka ratsa ta tare da masu bincike. Abin da ya sauƙaƙa shiga ga kowa shi ne zuwan ƙananan motoci masu ja da ƙafa huɗu: Land Rover da aka fara ƙerawa a 1948, sai Toyota Land Cruiser da ta zo ta mamaye fagen. A Nijar kat-kat ake ce musu, daga Faransanci.

Me ya sa mota ba ta nutsewa?

Tana nutsewa mana, idan direba bai san aikinsa ba. Abin lura shi ne nauyi da faɗin wurin da ya hau. Tafin raƙumi faffaɗa ne mai taushi, idan ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu. Direban hamada ma haka yake yi wa tayarsa: yakan sace iska, wani lokaci har kusan rabi, sai tayar ta kwanta, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙaru, ta daina huda rairayi. Jan ƙafa huɗu kuma yana raba ƙarfin inji, ba a bar wa tayoyi biyu su yi ta haƙa rami ba. Da sassafe rairayi ya fi ɗaukar mota, saboda sanyi da ɗan laimar dare sun sa ya ɗan kama jikinsa. Da tsakar rana ya bushe ya saki, ga shi hasken rana ya shafe inuwa, direba ba ya gane rami da tudu. In mota ta kafe, sai shebur da faifan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya. Ƙara wuta a lokacin ƙara binne ta ne kawai.

Sanyin daren hamada

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne dare. Wurin da rana ta gasa ka, nan za ka kwana kana makyarkyata. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka kusa da sifili a Tenere, a kan duwatsun Azbin har ruwa kan daskare. Dalili biyu ne. Na farko, ƙasa tana fitar da zafin da ta sha da rana ta hanyar wani haske da ido ba ya gani. Tururin ruwa da gajimare su ne bargon da ke tare wannan zafi su maido shi ƙasa. Iskar hamada busasshiya ce, sama tangaran, don haka zafin ya wuce abinsa. Na biyu, busasshen rairayi ba ya ajiye zafi sai a 'yan santimitocin sama. Tura hannunka ciki da rana, za ka ji sanyi a ƙasa. Da rana ta faɗi, ɗan abin da ya tara ya ƙare.

Ka san wannan sanyi ai. Shi ne na hunturu a Kunci, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ta kori laima. Ƙurar da take zubawa a gonaki ma, mafi yawanta daga yankin da ke tsakanin Balma da kwarin Bodele a ƙasar Chadi take tasowa, inda wani babban tafki ya ƙafe tun dubban shekaru. Rashin laimar nan kuma shi ke sa taurari su fito fes, ka ga Kaza da 'Ya'yanta kamar ka miƙa hannu.

Zamanin cin kasuwa

Abubuwa uku suka haɗu a shekarun 1970. Haƙar yuraniyom a Arlit ta kawo titin kwalta da baƙi zuwa arewacin Nijar. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya kashe dabbobin makiyaya, samarin da suka san hamada suka koma neman aikin tuƙi da ja-gora. Sai kuma tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro a ƙarshen 1978, bayan shi kansa ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. Tun karon farko tseren ya bi ta Agadas, talabijin ya kai hoton Tenere gidajen Turai.

Wanda ya fi shahara cikin 'yan ƙasa shi ne Mano Dayak, Ba'azbine da ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages a Agadas. Tsarin tafiyar kusan ɗaya ne: motoci biyu ko fiye, direba, ja-gora, kuku, jarkokin ruwa da na mai, a yi kwana bakwai ko goma ana ya da zango a gindin tudun rairayi. Maƙeran azurfa, dukawa, masu lambun Timiya da Iferwan, masu masauki, kowa ya samu.

Me ake zuwa gani? A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsayinsa ya haura mita biyar, shekarunsa dubbai. A Gobero, ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura kusan 200, ta mutanen da suka rayu a bakin tafki suna kamun kifi. Ka ga ke nan Sahara ta taɓa zama kore, tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da sauyin yadda duniya ke kewaya rana ya ja damina zuwa arewa. Kafin wannan kuma an yi zamanin da rairayi ya gangaro har ƙasar Hausa. Jigayin da ake noma a kansu a arewa da gabashin Kano tsofaffin tuddan hamada ne, kamar yadda masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana a 1958.

Mota ta yi ɓarnarta ita ma. Bishiyar Tenere, ƙaya ɗaya tilo da ayari ke saiti da ita, wadda saiwarta ta kai ruwa a zurfin fiye da mita 30, babbar mota ce ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Farauta da mota kuma ta taimaka wajen ƙarar da jimina da manyan barewar hamada. Gandun Azbin da Tenere ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1991, shekara ɗaya tak bayan haka ya koma jerin waɗanda ke cikin haɗari.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa

Tawayen Buzaye da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya tsayar da komai. An sa hannu kan sulhu a ranar 24 ga Afrilun 1995, Mano Dayak kuwa, wanda ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar shekarar. Sunansa filin jirgin Agadas yake ɗauke da shi yanzu. Harka ta farfaɗo, jirage na sauke baƙi kai tsaye daga Faransa, sai tawaye na biyu ya zo a 2007 zuwa 2009, da nakiyoyi a kan hanya. Sace mutum bakwai a Arlit a Satumbar 2010 ya ƙarasa ta. Tseren Dakar ma an soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Motoci dai suna nan, direbobi suna nan, iyali na jiran cefane. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 da yawansu suka koma jigilar masu zuwa Libiya da Aljeriya, wasu kuma masu haƙar zinaren Jado da aka gano a 2014. Hanya ɗaya ce, amma tsari ya bambanta. Motar da ke ɗaukar baƙi huɗu da ruwan mako guda, irinta ce ake lafta wa mutum ashirin ko fiye, kowa da 'yar jarkarsa.

A nan ne bambancin raƙumi da mota yake fitowa. Idan raƙumi ɗaya ya faɗi, ayari na ci gaba. Mota kuwa cikin yini guda takan kai ka inda ƙafa ba za ta iya maido ka ba, in ta lalace shi ke nan. Mai tafiya cikin zafin hamada yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, can bayan Daura kaɗan, manoman gero masu magana da Hausa kamar na Kunci.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Masu bincike da dama sun nuna cewa hakan ya tura direbobi bin ɓarauniyar hanya, nesa da rijiyoyi. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwambar 2023.

Tsohon garin Agadas da dogon hasumiyar masallacinsa ta ƙasa sun shiga jerin UNESCO a 2013, kuma mutanen garin ba su fid da ran dawowar baƙi ba. In Allah ya kawo zaman lafiya har ka samu zuwa, ƙa'idojin da direbobi suka gada daga madugai ba su canza ba: kada mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, a tafi da ja-gora ɗan ƙasa ko da akwai na'urar nuna hanya, a ɗebi ruwan da ya wuce lissafin kwanaki, a sanar da hukuma hanyar da za a bi da ranar dawowa. Idan mota ta lalace, a zauna a inuwarta, don mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. Kuma ka tafi da bargo mai kauri, wanda ya fi na hunturun gida.