Waƙoƙin Majami'a a Damagaram da Kare-karen Ƙasar Wales

Damagaram gari ne na Musulunci, kuma gari ne na kiɗa da waƙa. Kowa ya san amon kakaki da algaita a ƙofar fada ranar hawan Salla. Amma akwai wata irin waƙa da ake rerawa cikin garin nan shekara ɗari ke nan, wadda mutane da yawa ba su san tarihinta ba. Ita ce waƙar Kirista a majami'a, musamman lokacin Kirsimeti da Ista. In muna son gane ta, sai mun bi sawunta har ƙasar Turawa, sa'an nan mu komo gida.

Faransawa sun ci Damagaram cikin 1899. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkinsu a ƙasar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Cikin wannan zamani ne, a 1924, ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka sauka a Zinder, tasharsu ta farko ke nan a Nijar. Ba Faransawa ba ne. Masu jin Ingilishi ne, sun shigo ta Najeriya, inda suke da babbar cibiya a Jos. Mutanen Damagaram sun riƙe addininsu, waɗanda suka bi mishan kaɗan ne. Bayan ƴan shekaru aka buɗe tashar Tsibiri kusa da Maraɗi, can ne aikin ya fi kama ƙasa.

Da Hausa suke wa'azi, da Hausa kuma suke waƙa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932. Ɗayan littafin da ba ya rabuwa da hannun mai bi shi ne Littafin Waƙoƙi. Yawancin waƙoƙinsa fassara ce daga Ingilishi, aka bar su bisa karinsu na asali, watau kalmomin na Hausa ne, muryar kuwa ta Ingila da Amurka. To, littattafan waƙoƙin Ingilishi su ma da aro aka cika su. Ɗaya daga cikin rijiyoyin da suka ɗebo ita ce ƙasar Wales.

Wales ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu a yamma da Ingila. Mutanenta suna da harshensu dabam, wanda Bature ɗan Ingila ba ya ji. Sun sami Littafi Mai Tsarki da harshensu tun 1588, amma talakawa ba su iya karanta shi ba. Cikin shekarun 1730 wani limamin majami'a, Griffith Jones, ya kafa makarantun yawo. Malami ya kan zauna ƙauye kamar wata 3, lokacin sanyi sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, ya koyar da yara da rana, manya da dare, kana ya ƙara gaba. Kafin rasuwarsa cikin 1761 fiye da mutum 150,000 sun bi ta waɗannan makarantu. Duk wanda ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci da rani ya san wannan tsari.

Da mutane suka iya karatu da harshensu, sai waƙoƙi suka ɓarke. William Williams na Pantycelyn, wanda ya rayu daga 1717 zuwa 1791, ya rubuta ɗaruruwansu. Masu tsara kari kuwa, yawancinsu ƴan aiki ne. Robert Williams makaho ne mai saƙar kwanduna. Shi ake danganta wa karin da ake kira Llanfair, na 1817, wanda ake rerawa lokacin Ista da ranar tunawa da hawan Almasihu sama. Rowland Prichard ma'aikacin masaƙa ne. Karinsa Hyfrydol, watau “mai daɗi”, an buga shi cikin 1844, ana kuwa yawan jin sa cikin makonni huɗu da ke gaban Kirsimeti. John Hughes akawu ne a kamfanin haƙar kwal. Shi ya tsara Cwm Rhondda cikin 1907. Littattafan Ingilishi suka kwashi waɗannan kare-kare, suka ɗora musu kalmominsu, suka bazu da su duniya.

Mutanen Wales suna da wata tsohuwar al'ada ta Kirsimeti mai suna Plygain. Kalmar ta samo asali daga carar zakara. A zamanin da su kan taru a majami'a tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 6 na asuba, riƙe da kyandir, cikin tsananin sanyi. Sai ƙungiyoyi ƙanana su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna rera dogayen waƙoƙi ba tare da kayan kiɗa ba. Wasu waƙoƙin ma gadon gida ne, ɗa ya karɓa daga uba.

Mu komo Damagaram. A nan Kirsimeti ta kan zo cikin hunturu, an gama kaka, hatsi yana rumbu, ƴan makaranta da ma'aikata sun dawo gida. Ista kuwa cikin bazara take faɗowa, ana zafi, ana jiran ruwa. Kowane lokaci yana da waƙoƙinsa, kamar yadda watan Mauludi yake da nasa wajen Musulmi. Ta haka yaron da bai iya karatu ba tukuna yake haddace labarin addininsa, shekara bayan shekara.

Amma aron kari yana da wahala. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Ku duba “fari” na launi da “fari” na rashin ruwan sama: sautin murya kaɗai ya raba su. Ku duba “gari” na mutane da “gari” na tuwo: jan wasali ya raba su. Karin da aka tsara domin harshen Wales ko Ingilishi bai san wannan ba. Ya kan hau inda kalma take sauka, ya ja inda take gajarta. Shi ya sa wani lokaci Bahaushe zai ji waƙa da harshensa, amma sai ya duba littafi kafin ya gane ta.

Aro kansa ba aibi ba ne. Malaman zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ari ma'aunan waƙar Larabci, suka zauna wa Hausa daidai, domin Larabci ma yana lissafi da doguwar gaɓa da gajeriya. Kiristocin ƙasar Hausa kuwa wata hanya suka bi. Ƴan mishan na farko ba su sake jiki da ganga ba. Amma da ragamar majami'u ta koma hannun ƴan ƙasa a farkon shekarun 1960, sannu a hankali ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasa suka shiga tsara nasu waƙoƙi, da bayarwa da amshi, da ganga da caki da tulu. Waƙoƙin littafi ba su mutu ba. Suna nan gefe guda, na gida suna gefe guda. Abin da masaƙin Wales ya yi wa harshensa, shi matan nan suka yi wa nasu.

Ranar 16 ga Janairu 2015, cikin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone majami'u a Zinder, kashegari kuma a Yamai, har aka rasa rayuka. Wannan rana ta nuna cewa abin da jama'a ƙarama ta mallaka yana iya salwanta cikin yini ɗaya. Takarda tana ƙonewa, tsoho yana mutuwa da abin da ke kansa. Waƙar da take a baki take kuma a rubuce, ita ce mai igiya biyu.

Waƙoƙin Wales sun rayu ne domin talakawan da suka tsara su sun iya rubuta su. Saboda haka, jama'a, wanda ya iya riƙe alƙalami, Musulmi ne ko Kirista, ya zauna gaban tsofaffin gidansu ya rubuta waƙoƙin da suka sani, da sunan wanda ya tsara, da lokacin da ake rerawa. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu.