Daga Tukur-Tukur Zuwa Kasuwar Kano: Yadda Rubutun Ƙagaggun Labarai Ya Zama Sana'a

Tambaya guda muke so mu bi diddiginta a wannan takarda, watau yaushe ne rubuta ƙagaggen labari da Hausa ya zama sana'ar da mutum zai zuba jarinsa a ciki, har ya sa ran mayar da kuɗinsa? Galibin takardun da mukan gabatar a tarurruka irin wannan sun fi karkata ga jigo da salo da zubi. Ba kasafai mukan tsaya mu tambayi wanda ya biya kuɗin takarda da tawada ba, balle wanda ya ɗauki littafin ya kai shi gaban mai saye. A ganinmu kuwa, nan gizo yake saƙar.

Sanin kowa ne cewa gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, marubutan nan ma'aikata ne masu albashi, yawancinsu malaman makaranta. Ko Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, aro shi aka yi daga makarantar Midil ta Katsina aka kai shi Zariya don ya yi aikin. Hukuma ce ta nemi littafin, ita ta buga, sa'an nan makarantunta suka saye. Ke nan marubucin wancan zamani bai san zafin kwantai ba, bai kuma san daɗin ciniki ba.

Haka abin ya ci gaba bayan an kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Hukumar NORLA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950 don ta samar wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci abin karantawa, ta buga littattafai masu yawan gaske, har da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano. Amma fa buga littafi daban, sayar da shi daban. Hukumar ta sha wahalar rarraba kayanta a ƙasa mai faɗi irin Jihar Arewa, ta yi ta asara, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966, da haɗin gwiwar Macmillan, ya fi ta sanin kasuwa, sai dai kasuwarsa ita ma ta makaranta ce. Littafin da aka sa cikin manhajar jarrabawa ya tsira. Wanda ba a sa ba ya daɗe a kan kanta. Gasar kamfanin da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980 ta nuna akwai sababbin marubuta da sabon jigo, amma ƙofar shiga ta kasance ƙunƙuntacciya.

To, yayin da ake wannan a Zariya, akwai wata tsohuwar hanya a Kano wadda masu tarihin adabin boko sukan tsallake. Tun da daɗewa ana sayar da littattafan addini da waƙoƙin ajami a Kasuwar Kurmi, da farko kwafin hannu, daga baya kuma a ɗauki hoton rubutun hannun a buga shi a ƙananan maɗaba'u cikin araha. 'Yan sari su saya su bazu da su kasuwannin ƙauye da tashoshin mota da ƙofofin masallatai. Wannan ciniki bai taɓa jiran manhaja ba. Ashe tun kafin marubutan soyayya su bayyana, birnin ya riga ya san yadda ake juya ƙaramin littafi ya zama haja.

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarun 1980. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko, waɗanda ba su da abin karantawa da ya yi magana a kan rayuwarsu. Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye daga duk abin da ba littafin makaranta ba ne. Ga masu karatu, ga marubuta, babu mai bugawa. Sai marubutan suka shiga aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko; Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990; In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, ya kuma karɓu ƙwarai.

A nan ya dace mu ɗan dakata mu duba yadda harkar take tafiya, domin dabarun da aka yi amfani da su duk na mai ƙaramin jari ne. Marubuci ba ya buga labarinsa gaba ɗaya. Yakan raba shi kashi biyu ko uku, ya buga na ɗaya a takarda mai araha, ya yanke labarin a daidai inda ran mai karatu ya rataya. Da cinikin na ɗaya ake buga na biyu. Wannan ya sa farashi ya sauka daidai aljihun 'yan makaranta da matan aure, ya kuma ba marubuci damar auna kasuwa kafin ya ƙara zuba kuɗi. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka tsaya a matsayin kamfani ga wanda ba shi da kamfani: tambarin ƙungiya a bango, jerin littattafan 'yan'uwa a shafukan baya, tare da sunayen shagunan da za a same su a garuruwa dabam-dabam. Gidajen rediyo suna karanta labaran a iska, wanda bai iya karatu ba ma ya san sunan marubuci. Ga kuma masu ba da haya, da aron da ake yi tsakanin gida da gida, har kwafi ɗaya ya zaga unguwa. Da yake marubuta sukan sa adireshinsu, wasiƙun masu karatu suna zuwa, na yabo da na ƙorafi, wani lokaci ma da labarin mai wasiƙar kansa. Wannan kusanci da jama'a shi ne babban jarin harkar, kuma shi ne abin da hukumomin Zariya, duk da injunansu, ba su taɓa mallaka ba.

Amma kada mu zaƙe wajen yabo. Marubucin da ya kuɓuta daga hannun edita ya faɗa hannun ɗan kasuwa. Akan karɓi littattafai bashi, biya sai an sayar, wani lokaci sai an manta. Da tafiya ta yi nisa, wasu 'yan kasuwar suka koma sayen rubutu ɗungurungum su buga da kansu, marubuci ya karɓi ladansa sau ɗaya, ya yi sallama da littafin. Rashin mai tacewa ya bar kurakuran ƙa'idojin rubutu birjik, abin da ya ba masu suka makami a muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme kuma suka kare marubutan. Mu dai muna ganin laƙabin ya faɗi gaskiya fiye da yadda aka nufa da shi: kasuwa ce ta raya wannan adabi.

Ita kasuwar ce kuma ta janye masa jari. Bayan fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, marubuta da 'yan kasuwa da dama suka koma harkar bidiyo, inda kuɗi ya fi saurin juyawa. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafan a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Daga shekarun 2010 kuwa labaran suka ƙaura zuwa wayar hannu, inda marubuta, akasarinsu mata, suke sakin babin farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, mai son ci gaba ya biya. Tsohuwar dabarar nan ce ta kashi na ɗaya da na biyu, sai dai babu takarda, babu ɗan sari a tsakani.

Wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke koyarwa, ita ce da yawa daga littattafan shekarun 1980 da 1990 ba su ɗauke da shekarar bugu, wasu ko sunan maɗaba'a babu, takardarsu kuma ba mai jure ajiya ba ce. Masu shagunan da suka san kwafi nawa aka buga, da nawa aka sayar, da wanda ya ci bashin wa, suna ta manyanta. Ɗalibin da aka tura ya zauna da su da rikoda a bana zai samo abin da wanda aka tura bayan shekara goma ba zai tarar ba.