GIGIN TSUFA: Shekara fiye da 100 ana neman magani, jinya tana nan a tsakar gida

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo a yankinmu ya san takardar cigiya. Galibi ta dabba ce: saniya ta ɓalle, jaki ya tsinke, wani lokaci kuma yaro ya ɓace ranar kasuwa. Amma jefi-jefi akan miƙo mana wata daban. Dattijo ne ya fita bayan la'asar, da farar riga da sanda, bai dawo ba. A ƙasan takardar sai a ƙara layi ɗaya: "Yana da ɗan gigin tsufa." Mu karanta, mu wuce zuwa sanarwar ɗaurin aure. Wani a tsince shi kan hanyar Bande, wani a gindin gawo cikin gonar da ya bar nomawa tun shekara 20, wani kuwa sai bayan kwana biyu, ƙishirwa ta galabaitar da shi.

Mu ma an yi a gidanmu. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta shekara shida cikin wannan hali kafin Allah ya karɓi abinsa. Da ƙananan abubuwa ya fara: ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta ɓoye kuɗin goro cikin ƙwarya sannan ta ce an sace. Mu jikoki dariya muke yi, tunda tsakanin kaka da jika wasa ne. Can gaba sai ta riƙa ɗaure ƙunshin kayanta kullum da yamma, wai za ta tafi gidansu wajen Guci, babanta yana jira. Baban nan kuwa ya rasu tun kafin a haifi mahaifinmu. Ranar da ta dubi ɗan cikinta ta ce, "Malam, wa kake nema?" ranar dariya ta ƙare a gidan. Daga nan tambaya ɗaya ake ta maimaitawa a zaure: wai su Turawa ba su da maganin wannan abin? Amsar tana da dogon tarihi, kuma ya kamata kowane gida mai tsoho ya san shi kafin ya sayar da rago.

A shekarar 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Shekarunta 51 kacal, amma tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana ɓacewa cikin gidanta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906, ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule sun taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu. Ya gabatar da abin da ya gani a taron likitoci a Tübingen cikin watan Nuwamba na wannan shekara, ba wanda ya damu sosai. A 1910 aka laƙaba wa cutar sunansa. Shekaru da dama bayan haka, su ma Turawan kallon tsufa suke yi wa mantuwar tsofaffi, kamar dai yadda muke yi. Sai a shekarun 1970 aka yarda cewa mafi yawan abin da ake kira gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cutar Alzheimer ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan lalura. Sauran, wani daga toshewar jijiyoyin jini ne, wani daga wasu cututtukan.

Maganin farko ya fito a Amurka a 1993, sunansa tacrine. Yana ɗan taimakawa, amma yana taɓa hanta, aka yi watsi da shi. Sai donepezil a 1996, da wasu biyu irinsa, sannan memantine a farkon shekarun 2000. Waɗannan huɗun ba sa tsayar da cutar. Iyakarsu su ɗan rage alamu na wani lokaci, ga wasu marasa lafiya, ba ga kowa ba.

Masu bincike sun so su kai ga tushe. A 1984 aka gano sinadarin da ke cikin dunƙulen nan da Alzheimer ya gani, ana ce masa amiloyid. A 1992 wasu masana biyu, John Hardy da Gerald Higgins, suka ce taruwarsa ce mafarin komi, in aka share shi cutar za ta tsaya. Kan wannan hasashe kamfanoni suka zuba biliyoyin daloli. An gwada wata allurar rigakafi, aka dakatar da gwajin a farkon 2002 saboda kusan 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun samu kumburin ƙwaƙwalwa. A 2012 wasu manyan magunguna biyu suka faɗi a gwaji. Ɗaya daga cikinsu, solanezumab na kamfanin Eli Lilly, aka sake gwada shi, ya sake faɗuwa a 2016. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙirga magunguna 244 da aka gwada tsakanin 2002 da 2012: guda ɗaya tak ya samu izini. A watan Janairun 2018 kamfanin Pfizer, duk girmansa, ya ce ya janye daga neman maganin.

Mu da muka yi lakwal, da yawa a cikinmu mun taso da tunanin cewa abin da ya gagara a Damagaram yana Yamai, abin da ya gagara a Yamai yana Faransa. To ga abin da ya faru a Faransar. A 2016 hukumar tantance magunguna ta ƙasar ta ce amfanin magungunan nan huɗu bai kai a ci gaba da biyan kuɗinsu ba, in aka dubi illarsu ga ciki da zuciya. Daga ranar 1 ga Agustan 2018 inshorar lafiya ta gwamnati ta daina biya. Likitoci da ƙungiyoyin iyalai da dama sun yi ƙorafi, kuma a wasu ƙasashe kamar Ingila har yanzu ana rubuta su. Amma dai ga matsayin da abin ya tsaya a ƙasar da muke ɗauka komi akwai.

Labarin aducanumab ya fi kowanne rikici. Kamfanin Biogen ya tsayar da gwajinsa a watan Maris 2019, ya ce ba alamar nasara. Bayan wata bakwai ya dawo ya ce ya sake duba alƙaluma, akwai amfani. Kwamitin masana da ke ba hukumar magunguna ta Amurka shawara bai gamsu ba, amma hukumar ta ba da izini a watan Yunin 2021, mutum uku suka yi murabus daga kwamitin. Aka sa masa farashin dala 56,000 a shekara. Likitoci suka ƙi rubutawa, aka rage farashin da rabi, a farkon 2024 kamfanin ya sanar cewa zai daina sayar da shi. Ana cikin haka, a 2022 mujallar Science ta fallasa cewa an taɓa hotunan wani sanannen bincike na 2006 kan amiloyid, wanda dubban masana suka riƙa ambata. A 2024 aka janye shi.

Ba a ce ba a samu komi ba. Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, an gwada shi kan mutum 1,795 tsawon wata 18, ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100. A 2024 donanemab ya biyo baya. Amma a lura da kyau: ragewa suke yi, ba warkarwa ba, kuma sai ga wanda cutar ba ta yi nisa ba. Lecanemab, lokacin da ya fito, ta jijiya ake ƙara shi duk mako biyu, ana bin mara lafiya da hoton ƙwaƙwalwa na IRM, don kusan mutum 1 cikin 8 kan samu kumburi. Farashin da aka sa masa a 2023 dala 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 15 na sefa ke nan, ban da kuɗin asibiti. Ingila, da duk arzikinta, ta ce asibitocin gwamnati ba za su biya ba, amfanin bai kai kuɗin ba. A watan Nuwamban 2025 kuma kamfanin Novo Nordisk ya sanar cewa semaglutide, maganin ciwon suga da aka sa wa rai, bai rage cutar ba a gwaji.

Wani zai ce ina ruwan Magarya da Dungas da wannan, mu da yara suka fi yawa? Gaskiya ne kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma tsarin lafiyarmu kan yara da mata masu ciki ya fi karkata, da hujjarsa. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma tun 2005 ƙungiyar MSF ke aiki kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro a Magarya. Wannan ƙoƙari ne ma ke kawo sabon lamari. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba. Yau ya haura 60. Yaran da aka ceto su ne tsofaffin gobe. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Ko da waɗanda suka kai 65 ba su cika 3 cikin 100 ba, dubbai ne.

Binciken da ya fi kusa da mu a ƙasar Hausa an yi shi a Zariya, aka buga a 2011: cikin tsofaffi 322 da aka duba, kusan 3 cikin 100 suna da lalurar. In muka auna namu da wannan mudu, lissafin zaure kawai, ɗaruruwan gidaje ne daga Waca zuwa Malawa. Akwai kuma binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka. An ga sabbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na Amurka ba, kuma cikin abubuwan da masana suka fi zargi akwai bambancin hawan jini, ciwon suga da cima. Waɗannan cututtuka kuwa yanzu sun shigo mana gida.

A gidanmu, kafin mu san duk wannan, an sayar da raguna biyu da buhunan hatsi. An sayi ƙwayoyi daga mai talla a kasuwa, wanda ya rantse suna dawo da tunani. An tsallaka iyaka neman wani mai magani. Da aka kai ta asibiti a ƙarshe, likitan ya gaya wa mahaifinmu gaskiya: "Alhaji, babu maganin da zai maido ta. Ku kula da tansiyonta, ku kula da cinta, kada ku bar ta ita kaɗai." Wadda ta ɗauki wannan nauyi kuwa innarmu ce, surukarta. Ita ke yi mata wanka, ita ke dama mata fura tana ba ta a baki, ita ke kwana bakin ƙofa don kada ta fita da dare. Maza sun tafi ci-rani, suna aiko kuɗi, suna tambaya ta salula. OMS ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyar masu wannan cuta a duniya, mata ne ke bayarwa. Innarmu ba ta san wannan adadi ba, amma ta bar sana'ar ƙuli-ƙulinta shekara huɗu, kuma ita ce Iya ta fi zargi da sata.

Ita ce kuma ta koya mana abin da babu a takardar magani. In Iya ta ɗaure kaya ta ce za ta gida, ba ta musu da ita. Sai ta ce, "To Iya, bari rana ta yi sanyi, ga kunu ki sha tukuna." Kafin a gama shan kunun, zancen tafiya ya wuce. Ba a canza mata ɗaki ba, ba a matsar da butarta ba. An rufe bakin rijiya, an daina barin ta kusa da murhu. An gaya wa maƙwabta da ƴan kabu-kabun unguwa, duk wanda ya gan ta a hanya ya maido ta. Wannan faɗin shi ya fi wuya, don kunya kan sa a ɓoye tsoho a ƙuryar ɗaki. Inda aka ɓoye kuwa, nan ake samun tsohuwa tana yawo da dare tana sambatu, wasu su ce mayya ce, yara su bi ta da jifa.

Abu biyu muke roƙon jama'a su riƙe. Na farko, tsohon da ya ruɗe farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce gigi ne a zauna. Yana iya zama zazzaɓi, rashin ruwa a jiki, faɗuwar suga ko shanyewar ɓarin jiki, kuma a gaggauta kai shi likita. Gigin da muke magana a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Na biyu, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce in aka magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani, buguwar kai, kaɗaici da rashin karatu tun yarinta. Awon tansiyo ana yin sa a CSI mafi kusa. Yanar ido ana cire ta. Hular kwano tana nan a kasuwa.

Wanda ya zo muku da kwalba ya ce tana warkar da mantuwar tsufa, ku tuna kamfanonin da suka kashe biliyoyi ba su kai ga haka ba. Kuɗin ragon nan gara a sayi sabulu da tabarma mai laushi, a sallami wadda za ta karɓi mai jinya ko da yini ɗaya a mako. Ƴaƴa maza kuma su raba kwana, kada a bar wa suruka ita kaɗai. In tsohonku ya fita bai dawo ba, ku kawo cigiya tun kafin magariba, ku faɗi sunan garin da aka haife shi da inda tsohuwar gonarsa take, don sau da yawa can ya nufa.

Allah ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, ya ba masu jinya lada da haƙuri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.