Yadda Darbul Ahmar ta tsallake rusau

Duk wanda ya yi karatu a Azhar ya san Darbul Ahmar, unguwar da ta miƙe daga bayan masallacin har gindin Kal'a, tsohuwar fadar da Salahuddin ya kafa a Alƙahira. A zamanin sarakunan Mamluk ta nan ake bi zuwa fada, shi ya sa manyan gari suka yi ta gasar gina masallatai da makarantu a cikinta. Masallacin Aksunkur na 1347 da makarantar Ummu Sultan Sha'aban ta 1369 suna nan har yau.

Lalacewar ba dare ɗaya ta zo ba. Bayan mai mulkin Masar Kediwi Isma'il ya gina sabuwar Alƙahira a yamma, aka mayar da mulki fadar Abidin a shekarun 1870, masu hali suka bi shi, suka bar wa talakawa da masu sana'ar hannu tsofaffin gidaje. Daga baya dokokin haya suka daskarar da kuɗin gida. Abin da mai gida ke karɓa ba ya sayen buhun siminti, ɗan haya kuwa ba zai zuba kuɗinsa a bangon wani ba. Girgizar ƙasar Oktoba 1992 ta ƙarasa abin da sakaci ya fara.

Gabas da unguwar akwai tudun Darassa, wanda a da juji ne da aka shafe kimanin shekara 500 ana tula masa shara da ɓaraguzai. A 1984, bayan wani taro kan bunƙasar birnin, Aga Khan ya yi alƙawarin yi wa mutanen Alƙahira kyautar lambun shaƙatawa, kuma wannan jujin mai faɗin kusan hekta 30 aka zaɓa. Aiki ya jinkirta saboda sai da aka gama gina manyan tankunan ruwa uku a wurin. Da aka fara kwasa, an yi lodin tipa kimanin 80,000.

Ana cikin kwasar ne ganuwar Salahuddin ta ƙarni na 12 ta fito, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da ƙofofinta da hasumiyoyinta. Sharar da ta binne ta ita ta adana ta. Sai dai a ɗaya gefen, gidajen mutane ne manne da ita, wasu ma ɗakunansu a kanta suke.

Nan aka yi ja-in-ja. Al'adar hukumomin kula da kayan tarihi ita ce a rushe duk abin da ya raɓi tsohon gini, a bar fili fetal don baƙo ya samu wurin ɗaukar hoto. Gidauniyar al'adu ta Aga Khan ta ƙi. Hujjarta ita ce ganuwar da aka kori maƙwabtanta ba ta da mai tsaro, ba da jimawa ba za ta sake zama juji. Ni dai a ganina wannan matsayar ta fi lambun kansa daraja. Sai aka bi gida-gida ana duba lafiyar gini da ƙarfin aljihun mazauna. Aka shirya gyara na karo-karo, gidauniya ta ɗauki kaso mai tsoka, mai gida ko ɗan haya ya biya saura sannu a hankali. Aka buɗe ba da ƙananan rance ga kafintoci da masu ɗinkin takalma, aka horar da samarin unguwa sassaƙar dutse, su ne kuma suka yi aikin ganuwar. Hasumiyoyin masallacin Khayrbak da makarantar Ummu Sultan Sha'aban, waɗanda kawunansu suka faɗi tun ƙarni na 19, aka sake ɗora musu kawunan.

An buɗe Lambun Azhar a hukumance a 2005, bayan kashe kusan dala miliyan 30. Ya samu karɓuwa nan take, duk da sai an sayi tikiti ake shiga. Gyaran gidaje kuwa tafiyar hawainiya ya yi. Gida ɗaya kan kasance na magada goma, wasu ba a san inda suke ba, ga izinin hukuma da ke cin watanni. Waɗanda aka gyara ɗan tsiraru ne a unguwa mai dubban gidaje, kuma bayan juyin juya halin 2011 masu kuɗi sun samu sarari sun rushe tsofaffi da dama, suka dasa dogayen benaye ba tare da izini ba.